Mahaifina ya rasu yana da shekara 52, ni ina da 38 kuma har yau ina shan taba

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ci tura. Mahaifina ya rasu yana da shekara 52. Da safe ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa, likita ya ce zuciya ce. Ƙaninsa, baffana, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi shekara uku kafin shi ma ya bi. Makon jiya kuma aka auna yayana aka ce jininsa ya hau sosai, har an ɗora shi a kan magani. Ni shekara 17 ke nan ina shan taba, kwali ɗaya a rana, wani lokacin har da ɗori.

Tun da aka gaya mini maganar Yaya ban sake barcin kirki ba. In na kwanta sai lissafi: a cire 38 daga 52, saura 14. 'Yata shekararta 6, ke nan tana da 20 za ta rasa uba. Sai gabana ya faɗi, zuciyata ta riƙa dukan uku-uku, in tashi in fita waje in kunna taba don in samu natsuwa. Ina zuƙa ina sane da cewa ita ce nake tsoro.

Tambayata ita ce, in abin a jini yake, akwai amfanin da barin taba zai yi mini yanzu, ko ɓarnar ta riga ta auku? Waɗanda kuma suka bari, don Allah yaya kuka yi?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da Baffa, ya ba Yaya lafiya. Na karanta har ƙarshe idona ya ciko. Ka yi ƙoƙari da ka iya faɗa, da yawa a ciki suke barin irin wannan har ya cinye su.

Garba_Direba:
Malam Abu, ka daina wannan lissafin. Wa ya ba ka takardar cewa 52 ne naka? Kakana ya sha taba har ya haura 90, da ƙafarsa yake zuwa ko'ina. Maƙwabcina kuwa ko hayaƙinta ba ya so, yana da 41 ya faɗi a wurin aiki. Ajali in ya zo ba ruwansa da kwali.

Nas_Hauwa:
Abu_Hanan, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in amsa maka kai tsaye. Akwai amfani, babba kuwa, kuma a wurin mai irin tarihinka amfanin ya fi yawa.

Idan uba ko ɗan'uwa namiji ya kamu da ciwon zuciya kafin shekara 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65, likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin gado mai ƙara haɗari. Mahaifinka ya shiga wannan sahu. Amma abin da aka gada shi ne saurin kamuwa, ba ranar mutuwa ba. Taba tana ɗaure jijiyoyin jini, tana ƙuje bangonsu na ciki har kitse ya samu wurin maƙalewa, tana sa jini saurin daskarewa, iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin kuma tana tare wurin iskar da jini ya kamata ya ɗauka. Mai gado da ke shan taba kaya biyu ya ɗora wa zuciya ɗaya. Na gadon ba ka da ikon sauke shi, na tabar kuwa a hannunka yake.

Jiki kuma ba ya jinkirin gyara kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera abin: minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya ya fara sauka, awa 12 kabon monoksaid ya koma daidai a jini, tsakanin mako 2 zuwa 12 gudun jini da aikin huhu su inganta, shekara 1 haɗarin ciwon zuciya ya koma kusan rabin na mai sha, shekara 15 ya zama kamar na wanda bai taɓa sha ba. Kai da kake lissafin 14, ka ga inda za ka kasance in ka fara yau.

Abin da nake roƙonka a wannan makon: ka je a auna maka hawan jini, suga, da kitsen jini. Ka gaya wa likita shekarun da mahaifinka ya rasu. Akwai wani nau'in yawan kitsen jini da ake gado, yana samun kusan mutum 1 cikin 250, yawancinsu ba su sani ba, kuma yana da magani.

Malam_Habu:
Garba, gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya, babu mai musu a kan wannan. Amma wanda ya ce mu yi tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Kai da kake tuƙi, ka taɓa hawa hanya da motar da ka san ba ta da birki ka ce ai ajali ɗaya ne? Jiki amana ne. Kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba, ka ji baffansa shekara uku a kwance sai an juya shi.

Garba_Direba:
Malam ban ce ya ci gaba da sha ba. Cewa na yi tsoron nan zai iya kayar da shi kafin tabar. Mutumin da ba ya barci ai ya riga ya fara ciwo.

Mai_Karatu:
A kan kakan Garba, kowa yana da irin wannan kakan a labari, saboda wanda ya rayu shi ake gani. Abokan kakan da suka tafi suna da 50 ba sa nan balle a ba da misali da su.

An yi wannan gardamar an gama ta tun tuni. A Ingila, Richard Doll da Bradford Hill suka fara bin likitoci maza fiye da 34,000 a 1951, aka yi ta bibiyarsu har shekara 50, aka fitar da sakamakon a 2004. Wanda ya ci gaba da sha yana asarar kusan shekara 10 na rayuwarsa idan aka kwatanta da wanda ba ya sha. Wanda ya bari yana da 60 ya ceto kusan shekara 3, mai 50 ya ceto 6, mai 40 ya ceto 9, mai 30 kusan duka 10 ɗin. Abu_Hanan, kana da 38. Duba inda ka faɗa a jerin nan. Shi kansa Doll mashayi ne da, abin da ya gani a bincikensa ya sa ya ajiye, ya rasu a 2005 yana da 92.

Dattijo62:
Ɗana Abu, ni ban bari da dabara ba, sai da na sha ƙasa. Ina da 55 ciwon ya kama ni, kamar an ɗora mini dutse a ƙirji, gumi ya jiƙe ni sharkaf, hannun hagu ya yi sanyi. Allah ya sa ɗana yana gida. Kwana tara na yi a gadon asibiti. Shekara 33 ina sha, kuma wallahi a kwana na biyu, da robar iska a hancina, tabar nake tunani.

Yau shekara bakwai ban taɓa ta ba. Abin da na koya, sha'awar kamar hadari take, ta taso ta yi duhu ta wuce, ba ta fi 'yan mintoci. In ta zo sai in tashi daga inda nake, in kurɓi ruwa a hankali, in zaga. Kwana ukun farko su ne masu wuya, na yi faɗa da kowa a gidan, daga baya na bi su ɗaya ɗaya na ba su haƙuri. Bayan wata guda abin ya lafa. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne karan bayan cin abinci, da zama da abokaina na da. Wata uku na ƙaurace wa wurin zamanmu. Wasu sun ji haushi, biyu daga cikinsu yanzu sun rasu, ɗaya huhu, ɗaya zuciya.

Kai ka samu gargaɗi ba tare da ka kwanta ba. Ni da na samu irinsa ina da 38, da ban kai ga wancan gadon ba.

Abu_Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Dattijo, maganarka ta shige ni. Anti Hauwa, lissafin 15 ɗin nan na maimaita shi ya fi sau goma. To in na rage fa? In koma kara biyu ko uku a rana maimakon 20? Ina jin wannan zan iya, amma in ce daga gobe babu ko ɗaya, tunanin kaɗai yana sa hannuna rawa.

Nas_Hauwa:
Ragewa tana da kyau in tsani ce zuwa bari, amma ba wurin zama ba ce. Wani babban nazari da aka buga a 2018 ya nuna cewa mai shan kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20. Zuciya ba ta bin lissafin kara, ɗan hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini ya yi kauri. Ga kuma wanda ya rage yakan zuƙa da ƙarfi ya riƙe hayaƙin ba tare da ya lura ba.

Rawar hannun nan ba ragwanta ba ce. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, shekara 17 kana koya mata jiran sa sau 20 a rana. Shi ya sa aka yi magunguna. Akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata, akwai cingam da alewarsa, kuma haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya kaɗai. Akwai ƙwayoyi irin su varenicline, bupropion da cytisine, waɗannan sai likita ya duba ka ya rubuta. Nikotin shi ke kama mutum, amma hayaƙin ne ke ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji. Don haka kada ka ji tsoron filasta. Ka sa ranar da za ka bari, cikin mako biyu, kada ta wuce haka.

Ɗan_Auta:
Ni shisha na koma, wata takwas ban taɓa sigari ba. Tunda hayaƙin ta cikin ruwa yake bi ai an tace shi. Ko Yaya Abu zai gwada?

Zinariya:
Ɗan_Auta don Allah kada ka ba shi wannan shawarar. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, shi ya sa kake iya zuƙa mai yawa ba ka yi tari ba. Taba ce a ciki, ga gawayi a kai yana ƙara maka kabon monoksaid, kuma zama ɗaya yakan kai awa guda. Ba bari ka yi ba, canza mata riga ka yi.

Ni abin da ya kawo ni maganar Hanan ce. Mahaifinmu a ɗaki yake sha muna yara. Ƙanwata da asma ta tashi, har yau da abin shaƙa take yawo a jaka. Ba na cewa shi kaɗai ya jawo, amma duk daren da ya sha a ciki sai ta kwana tana shaƙewa. Yana son mu kamar ransa, bai sani ba ne. A duniya taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa.

Abu_Hanan:
A waje nake sha, ban taɓa kunnawa a gabanta ba. Amma kwanaki na ɗauke ta ta kawar da kai ta ce rigata tana wari. Ban ce komai ba, na sauke ta.

Ɗan_Auta:
To ni an ce mini ba ta kai sigari ba. Zan bincika. Amma gaskiya ƙirjina ya fi yi mini nauyi da safe yanzu.

Shamsu_K:
Kowa ya koma kan taba, an bar abin da Garba ya faɗa, kuma yana da gaskiya a wannan. Ni ban taɓa shan taba ba, amma bayan rasuwar mahaifiyata na yi wata shida ina farkawa tsakar dare zuciya na bugawa, numfashi na sarƙewa, na tabbata mutuwa ce ta zo. Sau uku ana kai ni asibiti, a yi gwajin zuciya a ce lafiya lau. A na ukun wata likita ta zaunar da ni ta ce wannan firgici ne, ciwo ne sananne, ana warkewa. Ta tura ni wurin mai ba da shawara kan damuwa. Ya koya mini jan numfashi a hankali da sakin sa a hankali, ya kuma sa na riƙa faɗin abin da nake tsoro da baki maimakon in riƙa guje masa. Ashe ban yi kukan mahaifiyata ba ne, na tsaya ina ta hidimar mutane.

Abu_Hanan, shekararka nawa lokacin da Baba ya rasu? Kada ka raina wannan ɓangaren. In ka je awon jini ka faɗi maganar rashin barcin ma.

Nas_Hauwa:
Shamsu ya kawo magana mai muhimmanci, sai dai in ƙara abu ɗaya. Mai tarihi irin na Abu kada ya yanke wa kansa hukunci cewa firgici ne. Nauyi ko matsewa a ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, ko ya bazu zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi, ga gumi ko tashin zuciya, asibiti nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne. Gara a ce maka ba komai ka dawo.

Natsuwar da kake ji in ka kunna kuma, yunwar nikotin ce ta kwanta, ita ce dama ta tayar maka da hankalin. Nazarce-nazarce sun nuna cewa waɗanda suka bari, bayan 'yan makonni damuwarsu raguwa take yi.

Abu_Hanan:
Shamsu, ina da 21. Ni na riƙe kansa a mota. A shekarar na fara sha. Ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba sai yanzu da ka tambaya.

Ummu_Sadiq:
Allahu akbar. Ƙanena, maman Hanan ta san halin da kake ciki? Ina tambaya ne don mijina sai da ya yi wata biyu yana fama shi kaɗai, ni ina ganin fushi kawai yake yi da ni, ina ramawa. Ranar da ya ce mini "taba nake ƙoƙarin bari, ki yi haƙuri da ni," komai ya canza. Na kwashe ashana da laita na fitar, na wanke kayansa kaf, in na ga ya fara zagaye ɗaki sai in ce mu fita mu taka. Ya ƙara ƙiba kaɗan, kilo huɗu ko biyar, likita ya ce wannan ba abin damuwa ba ne a kan abin da ya rabu da shi. Ka gaya mata. Ta riga ta san kana fita da dare, dalilin ne ba ta sani ba.

Garba_Direba:
Bari in faɗi gaskiya tunda kowa ya faɗi tasa. Ni ma ina sha, shekara 24. Sau huɗu ina bari ina komawa. Na ƙarshe na kai wata biyar, tafiyar dare ta kama ni, barci na fizgata, na ce kara ɗaya kawai. Kafin gari ya waye na sha bakwai. Maganar kakana da na kawo, ita nake gaya wa kaina kullum. Ina da tari na safe da ya ƙi tafiya, kuma ban je an duba ba don ba na son jin abin da za a ce.

Dattijo62:
Garba, wanda ya yi wata biyar ai ya san hanya. Yawancin waɗanda suka bari sai da suka faɗi sau da yawa kafin ta zauna. Yanzu ka san raminka: tuƙin dare da kara ɗaya. In barci ya zo ka faka ka runtsa, taba ba ta maye barci. Tarin kuwa ka je a duba. Rashin sani bai hana ni faɗuwa ba.

Nas_Hauwa:
Garba, tarin da ya wuce mako uku a wurin mai shan taba a duba shi, balle in da jini, ko rama, ko haki. Sau da yawa abu ne da ake iya shawo kansa in an zo da wuri.

Malam_Habu:
Ni ina ganin tsoron da Abu yake ji rahama ne. Da yawa ba sa tuna mutuwa sai ta ƙwanƙwasa. Kada a yi gaggawar kore masa shi.

Shamsu_K:
Malam, tuna mutuwa daban, firgicin da ke hana barci daban. Na farko yana sa mutum ya gyara, na biyu shi ke tura Abu waje da laita a hannu. Na ɗanɗana na biyun, ba na yi wa kowa fatansa.

Mai_Karatu:
Ina tsakaninku. Tsoro yana iya kai mutum ƙofar asibiti, amma ban ga yana daɗewa ba, in ya kwana biyu sai a saba da shi. Dattijo da robar iska a hanci yana tunanin taba.

Abu_Hanan:
Na dawo. Na je an auna ni, jinina 146 bisa 92. Likita ya ce awo ɗaya ba ya isa a ce ina da hawan jini, in dawo a sake, amma ya wuce 140 bisa 90 ɗin da ake so a kasance ƙasa da shi. Suga lafiya. Sakamakon kitsen jini sai mako mai zuwa. Ya yi mini gwajin zuciya ya ce bai ga abin tsoro ba, ya rubuta mini filasta da cingam. Na gaya masa maganar dare, ya ce za mu zauna a kanta in na koma.

Anti Ummu_Sadiq, na gaya mata. Ta yi kuka, ta ce ta ɗauka wani laifi ta yi mini. Na kira Yaya ma, ashe shi ma lissafin 52 ɗin yake yi, shi saura 8 yake ƙirgawa. Mun daɗe a waya, rabon da mu yi maganar Baba haka tun rasuwarsa.

Yau kwana uku ban sha ba. Kaina yana ciwo, na yi wa abokin aikina tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Jiya da dare na farka kamar kullum, na fita waje, na tsaya hannuna a aljihu babu komai a ciki, na tauna cingam har abin ya wuce. Tsoron bai tafi ba. Ban sani ba ko zai tafi.

Dattijo62:
Kwana uku! Kana kan ƙololuwar tudun ke nan, ɗana. Gobe ka je ka ba abokin aikin haƙuri, ka gaya masa dalili.

Nas_Hauwa:
Madalla. Cingam ɗin ba a taunarsa kamar na yara: ka tauna kaɗan har ka ji ɗan yaji, ka ajiye shi a gefen kunci, in yajin ya tafi ka sake. In filastar tana sa ka mafarkai masu tayar da hankali ka gaya wa likitan, wasu cire ta suke yi kafin su kwanta. Kuma in sakamakon kitsen ya fito da yawa, Yaya da sauran 'yan'uwanku su ma su je a auna su.

Garba_Direba:
Malam Abu, filastar nan tana riƙe mutum a doguwar tafiya kuwa? Ina da hutu ranar Laraba, ina tunanin in je a duba tarin nan.